Ajayi Crowther, Yaron Da Aka Musanya Da Doki

  Gaisuwata ta musamman yau ta nufi yamma, wajen mutanen Bagudo da Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, domin labarin da na kawo muku ya bi ta kan kogin da ke ratsa ƙasarku.

Ta wajenku ne kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, bayan ya raba ƙasar Nijar da ta Benin. Ke da ki ke wanki a bakinsa, ko ki ke shiga kwale-kwale ran kasuwa, ruwan da ya wuce ki yau zai gangara Yawuri, ya shiga tafkin Kainji, ya wuce Jabba, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, ya bi ta Anaca har ya faɗa teku. To, tsakanin bakin teku da Jabba akwai wani mutum da ya yi shekara hamsin yana kai da kawowa a kan ruwan nan. Sunansa Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilikan. Ku 'yan makaranta kun san sunan, yakan fito a darasin tarihi. Amma littafin makaranta shekaru kawai ya ke jerawa. Ba ya ba da labarin uwarsa, ba ya ba da na matarsa.

Ga abin da ya sa na zaɓo shi. Mu mata mun fi kowa cewa mun bar wa Allah. Magana ce mai kyau, sai dai sau da yawa in mun faɗe ta, naɗe hannu mu ke nufi. Shi wannan bawan Allah Kirista ne, ya kuwa dogara ga Allah dogaro na gaske, amma duk binciken da na yi ban ga inda ya naɗe hannu ba. Ko Musulma ce ke ko Kirista, ki karanta ki gani da kanki.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a wani gari da a ke kira Osogun, kusa da Iseyin a ƙasar Oyo. Ubansa masaƙi ne, uwarsa kuwa sunanta Afala, gida ne na masu addinin gargajiya. A lokacin daular Oyo ta fara rushewa, yaƙi ta ko'ina, kamun bayi ya zama sana'a. Wata safiya a farkon shekarar 1821, mata na cikin haɗa karin kumallo, sai mahara suka kewaye garin. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa cikinsu akwai Fulani, da Yarabawa Musulmi na Oyo, da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Ba don tsokanar kowa na faɗi wannan ba. Cinikin nan ya ɓata hannun kowa: mai kamawa, da dillali, da Baturen da ke jira a bakin teku da jirginsa.

Uban ya shigo gida da gudu ya umarce su su tsere, ya koma wajen faɗa, ba su ƙara ganinsa ba. Ba su yi nisa ba aka cim musu, shi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, ɗaya tana goye. Aka ɗaura musu igiya a wuya kamar awaki, garinsu na ci da wuta a bayansu. Kafin kwana ya zagayo an raba su. Shi Ajayi aka ba da shi aka karɓi doki. Bayan wata biyu wanda ya karɓi dokin ya ga bai yi masa ba, ya mai da shi ya karɓi yaronsa. Ki dubi ɗanki ɗan shekara goma sha biyu, uwargida, ki yi tunanin an auna shi da dabba.

Daga nan aka kai shi wani gari inda ya iske uwarsa da jaririyarta, ya yi wata uku yana ganinsu. Ran nan aka haɗa shi da wani mutum wai aike za su je, ashe kasuwa za a kai shi. Ko sallama bai yi da uwarsa ba. Wata 'yar kasuwa ta saye shi, ta sayar, wani ya saya, an musanya shi da taba, an musanya shi da barasa. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawa ya sa har ya yi yunƙurin halaka kansa, Allah bai nufa ba. A ƙarshe abin da ya ke gudu ya same shi a Ikko, watau Legas, inda Turawan Fotugal suka saye shi suka sa shi a jirgi tare da bayi fiye da 180.

Jirgin bai ko bar gaɓar Ikko ba, cikin watan Afrilu 1822, sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar jiragen bayi suka kama shi. Yaran ba su san ceto ne ba. Da suka hau jirgin Ingilishi suka ga nama a rataye da wasu dunƙule-dunƙule a jere, sai suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Ashe naman alade ne da harsasan igwa. A watan Yuni aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda a ke tara bayin da aka 'yanta.

A nan ne na ke so 'yan makaranta su buɗe kunne. Yaron nan ba uwa, ba uba, ba ya jin harshen kowa. Aka danƙa shi ga 'yan mishan na ƙungiyar C.M.S., ita ce dai wadda daga baya ta kafa Wusasa. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Ya kuma koyi aikin kafinta. Ba a yi masa baftisma da garaje ba, sai da ya shekara uku yana koyo, sa'an nan ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya fito ya zama malamin makaranta, amma bai ɗauka ya gama ba. Yana koyarwa da rana, da dare yana fama da Girkanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, don ya ɗebi ruwa daga tushensa.

A 1829 ya yi aure. Matar ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta Asano, masu tarihi sun ce Hassana ke nan, aka yi mata baftisma da suna Susan. Ita ma ta yi karatu har ta zama malama. Sun yi shekara hamsin da ɗaya tare. Ba a rubuta labarinta da yawa ba, kamar yadda aka saba yi wa mata, amma ki lissafa: miji yakan tafi kogi ya yi watanni, wani zubin shekara da ɗoriya, babu waya, wasiƙa sai in jirgi ya zo. Wa ya riƙe gidan? 'Ya'yansu sun tashi da ilmi, maza da mata. Ɗan autansu Dandeson ya bi sawun ubansa. 'Yarsu Abigail ita ce ta haifi Herbert Macaulay, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira ɗaya.

Shigarsa ta farko cikin Kwara a 1841 ne. Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu tururi don a ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin kogi su bar cinikin bayi su kama noma da fatauci. C.M.S. ta sa mutum biyu a ciki, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Tafiyar ta zama makoki. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, sauran suka juyo a galabaice. Amma littafin da Crowther ya rubuta na abin da ya gani kullum ya sa shugabannin mishan a Landan suka gane abu biyu: mutumin nan mai kai ne, kuma in dai bishara za ta shiga kogin nan, sai 'yan ƙasa ne za su kai ta. Aka kira shi Ingila ya ƙaro karatu, aka naɗa shi limamin coci a 1843. A shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa na farko a kan harshen Yarabanci.

A farkon 1845 aka tura shi da iyalinsa da wasu Turawa biyu, Townsend da Gollmer, zuwa Abekuta. Suna sauka Badagiri sai labari ya zo cewa Sodeke, shugaban Egbawa da ya gayyace su, ya rasu, ga yaƙi ya toshe hanya. Suka maƙale wata goma sha takwas. Wani da sai ya zauna yana ƙirga kwanaki. Shi kuwa ya sami gindin wata itaciya yana wa'azi, ya buɗe makaranta, ya duƙufa juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya kan zauna wurin tsofaffi yana sauraron yadda su ke sarrafa magana, yana rubuta karin magana, don kada fassararsa ta fito da warin Turanci.

Sun shiga Abekuta a farkon watan Agusta 1846. Ba a yi sati uku ba aka zo masa da labarin cewa uwarsa tana da rai, tana wani gari kusa. Ran 21 ga watan aka kawo ta. Shekara ashirin da biyar ke nan rabonsu. Ya rubuta cewa da ta gan shi sai jikinta ya ɗauki rawa, suka riƙe juna suna kallon juna, ba mai iya magana, hawaye na zuba. Sa'an nan ta kama hannunsa tana kiransa da sunayen wasa da kakarsa ke kiransa da su yana ƙarami. Ni dai duk sa'ad da na zo wurin nan sai na ajiye littafin tukuna. Ta rabu da yaro mai igiya a wuya, ga shi an mayar mata da magidanci mai mata da 'ya'ya. Ita ma a tsakanin nan ta sha bauta, ta sha fansa, ta kashe abin hannunta wajen masu duba tana neman labarinsa. Ba da jimawa ba yaƙi ya ci garin da 'yan'uwansa mata su ke, aka sake kama su, shi ya biya kuɗi ya fanshe su.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Ɗanta limami ne, amma bai ɗauke ta ya kai ta bakin ruwan baftisma washegari ba. Tsohuwa ce da ta tsufa cikin al'adar iyayenta. Sai da ta yi shekara ɗaya da rabi tana zama ajin koyo kamar kowa, tana maimaita abin da aka koya mata, kana a watan Fabrairu 1848 aka yi mata baftisma cikin mutanen farko na Abekuta. Sunan da aka ba ta Hannatu. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san dalili: Hannatu ita ce matar da ta daɗe tana roƙon Allah ɗa, da ta samu ta sa masa suna Sama'ila, watau Samuel, ta kuma miƙa shi ga aikin Allah. Matar da ta fara koyo da furfura a kanta ta ishe mu misali, mu da mu ke cewa girma ya hana mu shiga ajin yaƙi da jahilci.

A watan Maris 1851 Sarki Gezo na Dahomey ya kawo wa Abekuta yaƙi. Dahomey kuwa ita ce kudancin ƙasar Benin ta yau, maƙwabciyarku, kuma cikin rundunarsa akwai dubban mata mayaƙa. Egbawa suka kore su. A ƙarshen shekarar Crowther ya je Ingila, har aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya yi musu bayanin cinikin bayi a Ikko, ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. Wata guda bayan haka jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta suka tuɓe Sarki Kosoko. Cinikin bayi ya karye a can, amma ta ƙofar nan ce mulkin mallaka ya shigo bayan shekara goma. Wanda aka taɓa sayarwa a kasuwar nan ba zai ga abin yadda mu ke ganinsa yau ba, sai dai gaskiya a faɗe ta duka.

Ya sake shiga kogi a 1854 tare da Likita Baikie. Wannan karon kowa na shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma da jirgi mai suna Dayspring, Crowther ya ajiye ma'aikata a Anaca da Gbebe kusa da Lakwaja, suka ci gaba da hawa da niyyar su kai gaisuwa har wurin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Da tafiyar ta yiwu, da sun kusanto ƙasarku. Amma a watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka tsira da rayukansu, suka kafa bukkoki a bakin ruwa, suka yi shekara guda cur kafin wani jirgi ya zo.

Shekara guda a bakin kogi, damina da rani, ga sauro, ga iyali can nesa. Me ya yi da ita? Ya kama koyon Nufanci. Yana shiga Raba yana zama da 'yan kasuwa da fatake, Hausawa da Nufawa da Yarabawa, yana tambaya yana rubutawa. Wurin da ya samu a Raba bai daɗe ba aka rufe shi, amma a 1860 ya fitar da littafin koyon karatun Nufanci, a 1864 kuma nahawu da jerin kalmominsa. Kafin wannan ya riga ya yi na harshen Ibo. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Bayarabe ne, amma kamar da shi aka yi maganar.

Ya yi imani cewa mutum ba ya girma cikin bangaskiya da harshen aro, sai ya ji maganar Allah da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Wannan ra'ayi ne ya bi kogin ya hau, ko da ya ke shi bai kai ba. An gama Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, mutanen Segbana da kewaye, tsallaken iyaka daga Tsamiya, su ma an juya musu shi cikin yarensu na Boko. Yare na ke nufi, ba karatun boko ba.

A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Cikin abin da ya ƙone har da takardun da ya shekara goma sha ɗaya yana tara kalmomi da karin maganar Yarabanci a cikinsu, da fassarar da bai kai ga bugawa ba. Wadda ta taɓa asarar kayan ɗakinta a gobara ta san zafin abin, ga shi kuwa kayan ɗaki a kan sayo wasu, wannan ba kasuwar da a ke sai da shi. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, bai ɓoye ba. Sa'an nan ya sake ɗaukar alƙalami. Shi da abokan aikinsa suka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarabanci a 1884.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babban cocin Canterbury. Bai nemi muƙamin ba, sai da Henry Venn, sakataren C.M.S., ya matsa masa, wasu Turawan mishan kuwa, har da Townsend abokin tafiyarsa, ba su so ba. Cikin taron akwai tsohon kyaftin na jirgin da ya cece shi a 1822, akwai kuma matar malamin da ya koya masa karatu a Saliyo, ta tsufa. Yankin da aka ba shi a takarda shi ne duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ba sa ƙarƙashin Sarauniya. In an bi takardar, har Illo da Ka'oje suna ciki. A aikace kuwa kogin ne, daga Bonny da Brass a bakin teku zuwa ƙasar Nufe, ga kuɗi kaɗan, ga shi ba shi da jirgin kansa sai ya roƙi 'yan kasuwa su rage masa hanya.

Garkuwa da mutane da ta addabe mu a wannan zamani shi ma ya ɗanɗana ta. A 1867 wani basarake na bakin kogi mai suna Abokko, wanda a da abokin arziki ne, ya tare kwale-kwalensa ya kwashe kaya, ya tsare shi da ɗansa Dandeson kwana goma, yana neman fam 1,000. Wani jami'in Ingila daga Lakwaja mai suna Fell ya zo, aka ƙi biyan kuɗin, suka ruga cikin jirgi ana harbinsu. Bishop da ɗansa suka kuɓuta, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu a hanya. Da shekara ta zagayo Crowther ya sake bin wannan hanya.

Akwai wani halinsa da ya kamata mu da mu ke zaune cuɗe da juna mu sani. Mutumin da Musulmi ke cikin waɗanda suka kama shi yana yaro bai riƙe Musulmi a zuci ba. Ya yi zaman mutunci da Etsu Masaba na Bida, yana kai masa ziyara. Nufe kuwa a lokacin tana bin Gwandu, masarautar da Bagudo ke cikinta yau. A 1872 ya bi ta Ilori, sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi masu wuya game da Yesu Almasihu. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuma sassauta nasa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta wurin da ya amsa ta, aka rabu lafiya. Yakan gargaɗi ma'aikatansa su bar gardamar cin fuska. Don haka ne cikin shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa, da Hausa aka rubuta ta, yana kuka da barasar da Turawa ke shigowa da ita, cewa ta lalata masa ƙasa da mutane, yana roƙonsa a matsayin uba ya kai kukan gaban Sarauniya. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa sai bishop. Matan da barasa ta rusa musu gida sun san abin da Etsu ke faɗi.

Jarrabawa mafi zafi sai da ya tsufa ta zo, ba kuwa daga wajen arna ko Musulmi ba, daga cikin gida. Venn mai goyon bayansa ya rasu a 1873. Susan ta rasu a 1880, uwarsa Hannatu ta bi ta a 1883 tana kusa da shekara ɗari. Sai ƙorafi ya fara yawa a kan ma'aikatansa. Ba zan ɓoye muku ba, wasu ƙorafe-ƙorafen gaskiya ne. Akwai waɗanda suka bar aiki suka kama kasuwanci, akwai mashaya, har an sami waɗanda suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta a Anaca, aka yi musu shari'a a Saliyo. Laifin Crowther a nan shi ne sanyin hali. Yakan yi wa mai laifi uzuri fiye da kima, ga shi mazauninsa Ikko, nesa da su. Uwa mai kawar da kai daga ɓarnar ɗanta don tausayi ta san inda wannan hanya ke kaiwa.

Amma maganin da aka kawo ya fi cutar. A 1890 wasu samarin Turawa suka iso, cike da zafin addini, wasunsu suna sa riga da rawani don burinsu su shiga ƙasar Hausa. Jagororinsu Brooke da Robinson. Ba su yi shekara nawa a kogin ba suka yanke hukunci cewa aikin shekara talatin duk banza ne. A wani taro a Anaca cikin watan Agusta, a gaban idon tsohon, sakataren kwamiti Baturen nan Eden ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da Dandeson, abin da ba shi da ikon yi. Dattijo mai shekara tamanin, sa'o'in jikokinsa suna yi masa tsawa. Bai rama da zagi ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya rubuta wa Landan bayani dalla-dalla cikin ladabi, ya ce in an ga bai iya ba a shirye ya ke ya bar wa wani kujerar ya tafi buɗe sabon wuri. Mutanen Ikko da Saliyo suka fusata, wasu suka fice suka kafa cocinsu. Shi bai fita ba. Abin da ya sa a gaba shi ne shirya ikilisiyoyin bakin teku su tsaya da ƙafarsu, su riƙa biyan limamansu da kansu.

Bai ga ranar ba. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi, ya rasu a Lakwaja a watan Yuni, Brooke kuma ya bi su a watan Maris 1892, ba wanda ya taka ƙasar Hausa a cikinsu. A watan Afrilu 1892 ikilisiyoyin bakin teku suka fara cin gashin kansu a ƙarƙashin Dandeson, wanda ya rasu a 1938. Kujerar bishop kuwa Bature aka ba, sai da aka yi kusan shekara sittin kafin a sake danƙa wa baƙar fata yanki nasa na kansa a cocin Angilikan na ƙasar nan. A watan Yuni 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a cocin da aka naɗa shi ya amsa a gaban jama'a cewa an zalunci Crowther, ya nemi gafara.

An fara binne shi a maƙabartar Ajele. Da gwamnati ta tashi maƙabartar, aka mai da ƙasusuwansa harabar babban cocin Angilikan da ke Marina a Legas, 'yar tafiya kaɗan daga gaɓar da aka sa shi a jirgin bayi.